Mota A Finafinai Da Littattafanmu: Ina Direba, Ina Bakanike?

Akwai wata fitowa da kusan duk mai kallon finafinan Hausa ya haddace ta kamar karatun allo. Za a nuno ƙaton get, sai a ji hon sau biyu, maigadi ya taso a guje yana gyara hula, ya wangale ƙofa yana faɗin sannu da zuwa ranka ya daɗe. Daga nan sai wata dalleliyar mota ta sulalo cikin gida a hankali, kyamara ta bi ta tun daga fitilar gaba har zuwa lambar baya, kafin a nuno takalmin Alhaji yana sauka. A wasu finafinan wannan kaɗai sai ya ci minti biyu ko uku, alhali babu abin da ya ƙara wa labarin illa sanar da mu cewa mai gidan nan yana da kuɗi, abin da tun daga ganin get ɗin mun riga mun gane.

Idan ka koma wajen littattafanmu na hikaya, nan ma labarin bai canza zane ba. A shekarun 2000, lokacin da shagunan hayar littattafai ke cike da 'yanmata, da wuya ka karanta littafin soyayya har ƙarshe ba ka ci karo da saurayin da ya faka Honda Henesi ko End of Discussion a ƙofar gidan su budurwa ba, yaran unguwa sun kewaye ta suna shafawa. Yanzu da rubutun ya koma waya, ana sakin sa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, sunayen motocin ne kurum suka sauya, aka koma Range Rover da Lexus da manyan marsandi. Marubuciya za ta gaya maka launin motar ya dace da shaddar da ke jikin saurayin, za ta gaya maka sanyin esi da ƙamshin turaren da ya daki hancin yarinyar da ta buɗe ƙofa, wani lokacin har da miliyoyin da aka saye ta. Amma tambaye ta wa ke gyara motar nan in ta lalace, ko me ke ƙarƙashin bonet ɗinta, sai ka ji shiru.

Wannan shi ne abin da nake so mu tattauna a wannan wata. Mota ta shiga rayuwar Bahaushe ta yi kaka-gida. Da ita ake kai amarya, da ita ake kai mai naƙuda asibiti, da ita ake kai gawa, kuma gidaje marasa adadi daga gare ta suke ci. Duk da haka adabinmu na zamani bai san ta ba sai a matsayin kayan ado, tamkar sarƙar gwal ko leshi. Mutanen da suka fi kowa sanin mota da ƙaunar ta, wato direba da bakanike da yaron mota, an bar su a bakin get. Asarar da wannan sakaci ke jawo mana kuwa biyu ce. Labaranmu suna fitowa salam babu gishiri, sannan yaranmu suna tashi da tunanin cewa son mota shi ne a nuna ta, a kuma yi gudu da ita.

Yadda wasu suka ɗauki abin

Don a gane me nake nufi da son mota, bari mu ɗan leƙa Amurka. Can suna da wata al'ada da suke kira hot rod. Asalinta 'ya'yan talakawa ne a kudancin jihar Kalifoniya, a shekarun 1930, waɗanda ba su da halin sayen sabuwar mota. Sai su sayi tsohuwar Ford da masu ita suka gaji da ita, su cire duk wani ƙarfe da ke ƙara mata nauyi, su buɗe injin su yi masa dabaru, ko su ɗora mata irin injin nan mai silinda 8 da kamfanin Ford ya fito da shi a 1932. Ranar hutu sai su ɗunguma zuwa busassun tafkunan hamadar Mojave a gwada a ga wa ya fi wani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samarin da suka koyi kanikanci a soja suka dawo gida, abin ya ƙara bunƙasa, har a watan Janairun 1948 wani matashi mai suna Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod, daidai lokacin da aka shirya baje-kolin irin waɗannan motoci a birnin Los Angeles.

Su ma fa ba a ƙyale su ba. Jama'a sun riƙa yi musu kallon 'yan iskan gari masu tsere a titi suna kashe mutane. Abin da ya cece su shi ne su da kansu suka sa wa kansu linzami. A 1951 Wally Parks, editan waccan mujalla, ya jagoranci kafa ƙungiyar NHRA, wadda manufarta ita ce a ɗauke tsere daga titin jama'a a mayar da shi keɓaɓɓen fili, a duba lafiyar kowace mota kafin ta shiga, a kuma sa doka. Da waɗancan samari suka manyanta suka tara iyali, sai hankalin da yawansu ya koma kan jin daɗin tafiya. A sa wa tsohuwar mota esi, a gyara kujeru, a sa mata birkin zamani da sitiyari mai laushi, domin mutum ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa su yi doguwar tafiya zuwa wurin taro ba tare da ciwon baya ba. A wurin taron kuwa, abin da ake fara yi shi ne a ɗaga bonet, don abin alfaharin shi ne aikin da ka yi mata da hannunka.

Finafinansu sun bi su a kan haka. A 1973 George Lucas, tun kafin ya yi Star Wars, ya fitar da American Graffiti, labarin dare ɗaya tak a wani ƙaramin gari a 1962, samari suna ta zagaya titi a motocinsu. A cikinsu akwai John Milner da 'yar rawayar Ford ɗinsa ƙirar 1932, wanda duk garin an sallama masa a tsere. Da motar aka gaya mana waye shi: girman kansa, da kaɗaicinsa, da fargabar da yake ɓoyewa cewa zamaninsa ya kusa wucewa. Tseren ƙarshe da asuba ya ƙare da motar abokin karawarsa ta wuntsila ta kama da wuta, kuma a rubutun ƙarshen fim aka sanar cewa bayan shekara biyu wani direba mashayi ya yi ajalin Milner. Kuɗin da aka kashe wa fim ɗin bai kai dala miliyan ɗaya ba. Samarinmu dai ba wannan suka sani ba, sun fi sanin The Fast and the Furious da aka fara a 2001, da Dhoom na Indiya na 2004, kuma abin da suka ɗauka a ciki bai wuce gudu da hayaƙin taya ba.

Namu na gida

Wani zai ce ai mu ba mu da irin wannan al'ada, don haka babu abin da marubuci zai rubuta. To duk mai wannan magana ya je tashar motar Kafin Hausa da sassafe ya tsaya ya kalli motocin da ke lodin Haɗeja da Dutse da Kano. Ɗauki Golf ɗin nan da aka daina ƙera irinta a Jamus tun kafin shekarar 2000. An yi ta ne don mutum biyar a kan titi mai santsi a ƙasa mai sanyi. A nan kuwa fasinja biyu ne a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure shi da igiya saboda buhun shinkafa ko riɗi, ga zafin watan Afrilu da ke haura maki 40, ga ƙurar hunturu, ga hanyoyin da ambaliyar 2022 ta nuna mana yadda ruwa ke iya cinye su. Ranar Lahadi ta nufi kasuwar Gujungu, ranar Alhamis wataƙila har Maigatari. Wa ya sa ta take tashi kullum? Ai ba Bajamushe ba ne.

Kanikawanmu ne suka sake mata haihuwa. Su ne ke ƙara mata ƙarfin sifirin na baya don kada ta zauna in an yi lodi. Su ne ke cire injekta su mayar da ita kafireta, saboda kafireta ko a bakin hanya ta tsaya kowane bakanike zai iya kwance ta ya hure ya mayar. Su ne ke haɗa fankar lagireto kai tsaye don kada injin ya yi zafi, in kuma ya mutu gaba ɗaya a tafi Ƙofar Ruwa a Kano a ɗauko wani a ɗora. Ta fannin jin daɗin zama ma direbobinmu ba a bar su a baya ba. Dubi kafet ɗin da ake shimfiɗa wa gaban mota don rana, da tabarmar duwatsun da direba ke jingina da ita saboda gumin baya, da 'yar fanka, da labule, da mai ɗinkin kujera da ke farke tsohon kushin ya cusa sabon soso. Mutumin da ke wuni a kan sitiyari ya fi kowane Alhaji sanin me ake kira kujera mai daɗi. Da yamma kuma in an tashi aiki, je ka gareji ƙarƙashin darbejiya ka ji musu, wannan ya ce babu kamar Toyota, wancan dattijo ya rantse ba a sake yin ƙarfe irin fijo ba. Wannan majalisa ita ce taron masoya mota namu, sai dai babu mai ɗaukar ta a kyamara.

Dattijon nan yana da hujja. Kamfanin haɗa fijo na Kaduna ya fara aiki a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru sama da 20 bayan Faransa ta daina ƙera ta. Gwamna ya hau ta, malamin makaranta ya hau ta, daga ƙarshe ta zama motar haya. Tarihin arzikin ƙasar nan da karyewarsa yana rubuce a jikin wannan mota ɗaya. Da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, sannan aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, Naira kuma ta faɗi, sai tsohuwar mota ta ƙara daraja, aikin bakanike ya ƙara nauyi. Kuma ba duk dabarun ne na alheri ba. Direban da ke da balas ɗin mai mota a wuyansa, ga kuɗin makarantar yara, ga taya ta suɗe, wanne zai fara biya? In ya sayi tsohuwar taya ya ɗauki mutum shida ya hau titi, laifin wa? Jama'a, in ba wannan ne labari ba, to mene ne labari?

Ba mu kuma rasa gwanayen da duniya ta san da su ba. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda da tarkacen tsofaffin motoci, labarin ya zaga duniya. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya shahara da mayar da ƙananan bas masu shan fetur zuwa masu aiki da lantarki. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, shi ya zana surar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. Mai karatu ya ƙirga da yatsunsa, finafinai nawa ya gani da jaruminsu irin waɗannan mutane ne, sannan ya ƙirga nawa ya gani da jarumin ya dawo daga karatu a Landan an ba shi kujerar manajan kamfanin babansa, kamfanin da har fim ya ƙare ba a gaya mana me yake sayarwa ba.

Abin takaicin shi ne magabatanmu a fagen fasaha ba su yi wannan sakaci ba. Marigayi Ɗanmaraya Jos da 'yar kuntiginsa, waƙar Karen Mota tana cikin waɗanda suka fara fito da shi, domin ya dubi yaron da kowa ya raina ya ga mutum a cikinsa. Marigayi Mamman Shata ya yi wa Bawa Direba waƙa kamar yadda ya yi wa sarakuna da attajirai. Haka kuma Bahaushe ya san yadda ake son abin hawa tun kafin zuwan mota. Je ka hawan sallah a Haɗeja ko Dutse ka tambayi mai doki, zai lissafa maka sirdi da linzami da likkafa da jalala, ya gaya maka halin dokinsa, abin da ke firgita shi da abin da yake so ya ci. Wannan ilimi da wannan ƙauna su ne suka koma tasha da gareji. Mawaƙa sun bi su can, marubuta da 'yan fim suka tsaya a falo.

Direba da hatsari a fim

In ka ga direba a fim ɗin Hausa, galibi ɗayan uku ne. Ko dai wawa ne da aka sa don ban dariya, shi da maigadi da 'yar aiki suna gulmar Hajiya. Ko munafuki ne da kishiya ke saye da kuɗi. Ko kuma, wanda marubutan littafi suka fi ƙauna, ɗan hamshaƙin attajiri ne ya ɓad da kama ya zama direban gidan su yarinya don ya gwada ta. Ka lura da saƙon da ke cikin wannan na ukun. Ana gaya mana cewa direba bai cancanci a so shi ba sai in daga baya an gano ashe ba direban gaske ba ne. Bakanike kuwa, in ya ci sa'a ya fito, to shi ne tsohon saurayin da aka guda saboda baƙin mai a rigarsa, kuma ba zai samu daraja ba sai ya bar sana'ar ya yi kuɗi ta wata hanyar da ba a bayyana ba. Yaron da ke koyon aiki a gareji, wanda ya tara kuɗin data ya kalli wannan a wayarsa, me muka gaya masa game da kansa?

Sai kuma hatsari, wanda ya zama jakin marubuta. Da zarar labari ya cije, an rasa yadda za a yi da kishiya ko a raba masoya, sai a sa mutum a mota. Kyamara ta girgiza, a ji ƙarar birki da fashewar gilashi, allo ya yi baƙi, sai ga mu a asibiti likita yana cire tabarau yana girgiza kai. Daga nan ko mutuwa, ko mantuwa, ko keken guragu. Ba a taɓa damuwa a nuna mana sanadi. Taya ce ta fashe? Barci ne ya ɗauke shi? Wuce wata motar ya zo yi a kan kwana? Kuma kafin hatsarin mun ga jarumin yana tuƙi yana waya, ko ya juya gaba ɗaya yana kallon budurwa yana rera mata waƙa, babu bel a jikinsa, babu a jikinta. Ƙaddara gaskiya ce, babu Musulmin da ke jayayya da ita, amma addinin da ya koya mana ita shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Tun da aka kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001 ake ta muhawara a kan rawa da sutura, maganar yadda ake tuƙi a fim ba ta samu ko rubu'in wannan kulawa ba.

Kuma idan akwai masana'antar da ya kamata ta ɗauki titi da muhimmanci, to tamu ce. Har yau masu kallo ba su manta da Balaraba Muhammad ba, wadda ta rasu a hatsarin mota a 2003 ana cikin hidimar kai ta ɗakin miji. Ba su manta da Ahmad S. Nuhu ba, wanda ya rasu a ranar 1 ga Janairu 2007 a wajen Azare, yana tsakiyar ganiyarsa. Allah ya jiƙan su da rahama. Su ma masu Fast and Furious sun rasa jaruminsu Paul Walker a hatsarin mota a 2013. A gefe guda kuma ga wasan mota da ya zama ruwan dare a biki da sallah da ranar gama makaranta, yara su ɗauko motar gida ko ta aro, su riƙa juyi da ita a tsakiyar jama'a, wasu zaune a kan taga, har 'yan sanda a Kano sun sha fitar da sanarwar hanawa. Ban ce fim ne ya ƙirƙiro wannan ba. Amma fim ɗin da ke nuna jerin gwanon motocin ɗaukar amarya da kiɗa da ihu, bai taɓa nuna uwar da aka kawo wa gawar ɗanta daga irin wannan jerin gwano ba, ya faɗi rabin magana ya haɗiye rabi.

Uzurin da ake bayarwa

Na san abin da furodusoshi za su ce, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Za su ce motar aro ce, mai ita yana tsaye a lokeshin yana duba agogo, wa zai bari a kwance masa injin ko a buga masa ita? Za su ce kuma ɗan kallo da ya wuni cikin wahala ba ya son ya dawo gida a sake nuna masa wahala, mafarki yake saye. Amsar ta farko ita ce labarin da nake magana a kai ya fi arha. Hayar tsohuwar Golf da gareji na mako guda ba za ta kai hayar gidan bene da Range Rover na kwana biyu ba. Ta biyu kuwa, shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya riga ya ƙaryata ta, domin jama'a sun yi shekaru suna bin rigimar Kamaye da Adama ba don wata mota ko wani falo ba, sai don sun ga kansu da maƙwabtansu a ciki.

Waɗanda muke koyi da su ma sun yi. A Indiya, tun 1958 Ritwik Ghatak ya yi Ajantrik, labarin wani direban tasi mai suna Bimal da tsohuwar Chevrolet ɗinsa da ya raɗa wa suna Jagaddal. Duk gari ana yi masa dariya, shi kuwa ya ɗauke ta tamkar 'yar'uwa, yana kashe abin da ya tara a kanta, har ranar da ta mutu murus aka sayar da ita a kilo. Babu mai kallon wannan fitowa zuciyarsa ba ta karye ba. A Senegal, Ousmane Sembène ya nuna a fim ɗinsa Xala na 1975 yadda ake wanke marsandin wani babban mutum da ruwan kwalba na ƙasar waje, fitowa ɗaya ta faɗi abin da dogon wa'azi kan almubazzaranci ba zai faɗa ba. Jafar Panahi na Iran ya yi fim sukutum a cikin tasi, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2015. Wole Soyinka ya rubuta wasan kwaikwayon The Road a kan direbobi da 'yan tasha tun 1965, kuma shi ne ya fara shugabantar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da aka kafa a 1988.

To ga shawara kyauta ga mai so. A ɗauki wani dattijon bakanike a Kafin Hausa, wanda ya ajiye wata tsohuwar 504 a bayan gareji shekara da shekaru yana tara mata kaya ɗaya bayan ɗaya. A ba shi ɗa da ke karatu a Jami'ar Sule Lamido, wadda aka kafa a garin a 2013, yaron yana jin kunyar abokansa su san sana'ar ubansa, kuma ya faɗa cikin 'yan wasan mota. A sa yarinya a tsakani in ana so, ai ba a hana soyayya ba, amma a bar ta ta so shi da baƙin man a hannunsa. A sa ranar da wasan zai ci rai. A sa yadda kanikawa da 'yan yuniyon da dattawan gari za su zauna su ce tunda ba za a iya raba yaro da son mota ba, a ware fili bayan sallah kowa ya kawo tasa a ɗaga bonet, a ba da kyauta ga wanda ya fi iya gyara da wanda motarsa ta fi lafiyar birki da daɗin zama. A sa kaset ɗin Haruna Uji na Haɗeja yana tashi a rediyon motar ranar da ta fara tashi. Wannan labari zai ɗauki zango uku a YouTube bai gaji ba.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Marubucin da zai yi wannan dole ya ajiye waya ya je ya wuni a gareji, ya ji yadda ake kiran abubuwa, ya san bambancin aikin fanal-bita da na rewaya da na falkanaiza, ya shiga gaban mota a matse shi da wani daga Dutse zuwa Haɗeja ya ji hirar da ake yi. Darakta kuma ya nemi tsohon direba ya zauna kusa da shi a lokeshin, kamar yadda ya kamata a nemi likita in za a nuna asibiti. Kafin nan, mafi ƙarancin abin da za a fara da shi ba ya cin ko kwabo: duk jarumin da ya shiga mota a fim ya ja bel ya ɗaura kafin ya tayar da ita. Yaran da suka kwaikwayi askin Ali Nuhu da ɗinkin Adam A. Zango za su kwaikwayi wannan ma. Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa masu abin su ji su gyara.